Daga Kwali Zuwa Dutsen Mambila

Ko ledar kujera ban cire ba na wuce da sabon babur ɗina garejin Baba makaniki. Ba gyara ya kai ni ba, so nake ya gani ya sa albarka, ya kuma san na rabu da tsohon rakwacam ɗin da ya shekara tara yana yi mini ɗawainiya da shi. Ya ce Allah ya sa alheri, Allah ya tsare. Sannan ya miƙe ya kafe babur ɗin a kan ƙafa biyu, ya tsuguna ya kama tayar baya ya girgiza ta hagu da dama. Na ji wani ɗan ƙas-ƙas. Ya ɗago ya dube ni.

"Malam, ina ka ce za ka da shi?"

"Gembu, Baba. Hutun ƙarshen shekara in Allah ya yarda."

"A haka?"

Ya ɗora sifana a kan notin da ke riƙe da tayar, ko nishi bai yi ba notin ya juya kusan rabin zagaye. Ya zaga gaba ya matsa birki, hannun ya zo har ya kusa taɓa totur kafin ya kama. Ya taɓa kaca da yatsa, ta ɗame tam kamar tsirkiyar baka. Duk murnar da na taho da ita ta koma ciki.

Laifin ba na injin ba ne. Waɗannan babura a kwali suke shigowa, taya daban, kai daban, sai a kasuwa yara su haɗa. Yaron da ya haɗa nawa a gabana ya yi, kuma na yaba masa saurin hannu, ban san cewa saurin nan shi ne matsalar ba. A kan kowane babur ake biyansa, akwai wasu biyar suna jiransa kafin la'asar. Ga mai zirga-zirga daga gida zuwa kasuwa wannan ba komai ba ne, in noti ya kwance akwai makaniki a kowace kwana. Ni kuwa hanyar da na sa a gaba ta haura kilomita 1,000: Kano zuwa Birnin Kudu, Darazo, Dukku, Gombe, a gangara ta Kaltungo a haye gadar Numan, a shiga Jalingo, Bali, Serti, sannan daga Mayo Selbe a fara hawan dutse zuwa Maisamari, Nguroje, har Gembu. Wani abokina da muka yi karatu tare, Bafulatanin can, ya shekara goma yana ce mini in zo in ga ƙasar da ake kwana da bargo biyu a Najeriya. Na ce in dai zan je, a kan babur zan je.

Da farko raina ya so manyan baburan nan masu ƙugi da samari ke tsere da su ranar Lahadi. Abin da ya hana ni, bayan aljihu, tambaya ɗaya ce: in wayar kulocinsa ta tsinke a Serti, wa zai ba ni irinta? Sai na ɗauki ɗan Indiya mai cc 150, irin wanda 'yan acaɓa suka fi yarda da shi. Iska ke sanyaya injinsa, babu ruwa balle ya tsiyaye. Kafireto gare shi, ga kik ga sitata, kuma duk ƙauyen da ake cin kasuwa za ka samu mai sayar da kayansa a ƙarƙashin bishiya.

Na ce wa Baba to ya bi mini shi kaf ya ɗaure, nawa ne? Ya ce ba zai taɓa ba.

"Ni zan bi ka Mambila? Ga sifana nan. Ni dai in zauna in gaya maka."

Haka aka yi. Saura mako shida tafiya, kuma Asabar ɗin farko tun daga hantsi har azahar ina tsugune a gindin babur, Baba na kan benci da goro a bakinsa yana nuna mini da tsinin takalmi. Muka fara daga gaba muka bi noti ɗaya-ɗaya har lambar baya: na kai, na shokozoba, na inji inda ya zauna a jikin firam, na salansa, na matakai, na kariya. Goma sha ɗaya na ƙirga waɗanda suka karɓi ɗauri. Ya kuma hana ni abin da sabon hannu ke yi, wato danne sifana da dukan ƙarfi. Noti mai lamba 10 ba ya son gardama, in ka matsa masa sai kan ya guntule ya bar maka sauran a ciki. Ya ce in ɗaura har in ji ya zauna, in ƙara ɗan kaɗan, in bar shi.

Dabarar da ta fi burge ni a ranar ba ta ci ko sisi ba. Ya ce in kawo jan farce daga gida. Duk notin da na gama da shi sai in ja masa ɗan layi, daga kan notin zuwa jikin ƙarfen da yake zaune a kai. In ya motsa, layin zai rabu biyu, da ido kawai za ka gane ba sai ka ɗauko sifana ba. Maiɗakina ta ba ni kwalbar tana dariya, ta ce ba ta taɓa ganin kishiyar da ake yi wa kwalliya da kayan uwargida ba. Har yau ɗige-ɗigen nan ja suna jikin babur ɗin, kuma zagaya shi da safe in duba su ba ya cin minti biyu.

Muka zare sandunan tayoyin biyu, suka fito kusan a bushe, muka shafe su da giris. Muka buɗe wuyan babur inda kai ke juyawa, nan ma giris ɗin kamar an ɗanɗana masa ne. Wayoyin wili kuwa, Baba ya ce in juya tayar in riƙa ɗan buga kowace da sukuddireba ina saurare. Mai ɗauri tana cewa ƙil, sakakkiya tana cewa ɗuf. Huɗu muka samu a baya, muka ƙara musu kwata-kwatan zagaye, ba a yi musu da yawa lokaci guda don kada wilin ya karkace.

Kaca ita ce ta fi cin lokaci, domin a nan na gane na shekara tara ina hawa babur ban san yadda take aiki ba. Ni a tunanina ɗamammiyar kaca ita ce mai kyau. Ashe in ka hau, kaya suka hau, shokozoba ya nutse, kacar ƙara ɗamewa take yi. In tun farko babu sassauci a jikinta, duk ramin da ka faɗa ita za ta sha, ta ci haƙoran da take bi, ta ja wa giya wahala. Ana so a tsakiyarta ta ƙasa ta riƙa yin sama da ƙasa kamar faɗin yatsa biyu, wajen milimita 25 zuwa 30, kuma sai ka juya tayar ka nemo inda ta fi ɗamewa ka auna a nan, don ba ko'ina take daidai ba. Akwai 'yan tsage-tsage a gefe biyu na inda tayar baya take zama. Dole na hagu da na dama su zo daidai, in ba haka ba tayar a karkace za ta riƙa tafiya, kai kana tsammanin titi ne ya karkace.

Sai maganar lallaɓa inji. Sabon fistin da ringi da silinda ba su san juna ba tukuna, sai sun goga sun zauna. Littafin da ya zo da babur ɗin, wanda yawancinmu muke barin yara su yi jirgi da shi, ya ce a bi shi a hankali a kilomita 1,000 na farko. Baba ya ƙara da cewa a hankali ba yana nufin ka kafe a gudu ɗaya ba. Ka riƙa hawa kana sauka, ka canza giya, kada ka murɗe totur har ƙarshe, kada kuma ka bar shi yana kakari a babbar giya alhali gudu ya mutu. Daga gidana zuwa makarantar da nake koyarwa bai fi kilomita shida ba, a haka sai hutu ya zo ya wuce ban kai ko rabi ba. Na koma ɗan yawon dole. Bayan la'asar in nufi Wudil in tsaya a bakin gada in juyo. Asabar in yi Ɗambatta ko Bichi, wata ranar Tiga. Manyan motoci suna wuce ni da iska ina tafe a 50, har wani mai kurkura ya taɓa yi mini oda ya wuce yana dariya. Na ƙyale shi.

A kilomita 500 na yi juyen farko da hannuna, injin da ɗuminsa don man ya fi zuba. Baba ya ce in kai kwanon rana in duba. Man yana ƙyalli kamar an barbaɗa masa garin azurfa. Wannan ƙurar ƙarfe ce da injin ya goge daga jikinsa, kuma ita ce dalilin da ba a jinkirta juyen farko ko da man bai yi baƙi ba. Muka ciro ɗan rariyar da ke tace mai muka wanke da fetur. Da na zo mayar da notin ƙasa, ya riƙe mini hannu. Jikin injin alminiyam ne, notin kuwa ƙarfe, in ka cika ɗauri zaren jikin injin ne zai cinye, kuma wannan gyara ne mai ɓata rai.

A kan baƙin mai ina da abin faɗi, don na ga mutane da yawa suna cutar kansu. A irin waɗannan babura, man da ke zagaya inji shi ne kuma kuloci yake wanka a ciki. Wasu mayukan mota an zuba musu sinadarin ƙara santsi, wanda ke da amfani a mota amma yake sa kulocin babur ya riƙa zamewa: ka ba shi wuta, inji ya yi ihu, babur bai ƙara gudu ba. Abin da za ka nema a jikin roba shi ne 4T da alamar JASO MA, kaurinsa kuma wanda littafinka ya faɗa. Nawa 20W-50 ne, lita ɗaya take cika shi. Man awo da ake tsiyayowa daga duro a kwalbar lemo kuwa, ban ce duka gurɓatacce ne ba, amma ba ni da hanyar sanin wanne ne mai kyau, don haka na sayi roba biyu a rufe, ɗaya ta juye kafin tashi, ɗaya ta tafiya.

Da mita ta nuna 1,000 na kwana da babur ɗin a garejin, don bawul ba a auna shi sai inji ya huce sarai. Wannan kaɗai ne aikin da Baba ya yarda ya yi da kansa ina kallo, sannan ya kwance ya ce in sake. Ɗan siririn ƙarfen awo na milimita 0.05 ake zurawa, ya shiga da ɗan ja, ba a sake ba, ba a matse ba. Ya ce bawul mai ɗan ƙara bai dame shi ba. Wanda ya yi shiru gaba ɗaya shi yake tsoro, don matsattsen bawul ba ya rufewa sosai, a doguwar tafiya zafi ya ƙone shi.

Ranar taya ita ce ranar da na sha kunya. Baba ya sace iskar tayar baya ya ce to ga ni a dajin Bali, babu mai faci, rana ta kusa faɗuwa. Cire tayar kanta sai da na yi gumi, don ban lura da yadda ƙarfen birki da 'yan zobban da ke gefe suke zaune ba, da na zo mayarwa na rasa wanne ne na hagu. Tun daga ranar, kafin in kwance komai sai na ɗauki hotonsa da waya, in kuma jera kayan a kan tsumma bi da bi yadda suka fito. Na ɓare tayar, na ciro tiyub, na mayar, na hura. Sai sss. Na tsunkule shi da liba. Na yi faci, na mayar, na sake tsunkulewa a wani wurin. Yaran garejin suna ta ƙunshe dariya, ɗaya har ya fake da zuwa sayo ruwa.

Sai a karo na uku Baba ya buɗe baki. Tsakiyar wili akwai kwari. In kana so bakin taya ya hau ta wannan gefen, sai ka danna ɗaya gefen da gwiwa ya faɗa cikin kwarin nan, shi ke ba ka sarari. Ka ɗan hura wa tiyub iska kaɗan ya yi siffa kafin ka zura, don kada ya naɗe. Ka shafa ruwan sabulu a bakin tayar. Liba kuma ba a zurfafa ta, ba a kuma kai ta har ta kwanta, kana ɗan ci kaɗan-kaɗan ne. Kafin ka mayar da komai, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali ka nemo abin da ya huda ta, in ba haka ba ƙayar tana nan tana jiran sabon tiyub. Da na bi haka sai ga taya ta zauna kamar da wasa. Na sake yi sau biyu a tsakar gida ni kaɗai, na farko awa ɗaya da kwata, na biyu minti arba'in.

Kayan aikin da suka zo da babur ɗin a 'yar jaka ba su wuce na fita kunya ba. Dokar da Baba ya kafa mini ita ce: in ware jaka guda, duk aikin da zan yi a makonnin nan da abin da ke cikinta kawai zan yi. Duk abin da na miƙa hannu na ara a garejin, in rubuta in sayi nawa. Duk abin da mako shida ya wuce ban taɓa ba, in fitar. Da haka jakar ta tace kanta. Sifana 8, 10, 12, 14 da 17 suka zauna, da babba guda daidai notin tayar baya, da ta fulogi, da ƙaramar ta wayoyin wili. Sukuddireba mai baki biyu, filaya, liba uku, famfon hannu, geji na auna iska, kayan faci, da ɗan makullin nan na cire ƙwayar bawul ɗin taya wanda bai kai ƙwayar gyaɗa nauyi ba amma in babu shi ka shiga uku. Guduma da na saya da zumuɗi ta koma gida, Baba ya ce dutse bai ƙare a hanya ba. Wani babban akwatin soket mai baki arba'in da ƙanena ya ba ni kyauta shi ma ya zauna, don uku kawai a ciki suka dace da babur ɗin.

Na ƙara da tiyub biyu, na gaba da na baya, fulogi ɗaya, fis uku, ƙwan fitila, mahaɗin kaca, 'yan notuna da washa a gwangwanin mentileta, waya mai laushi, salatif na lantarki, guntun sabulu, da robar tsohon tiyub da aka yanka dogo-dogo, wadda duk Bahaushen da ya taɓa ɗaura kaya a babur ya san ta fi kowace igiya. Wayar kuloci da ta totur ban sa su a jaka ba. Na bi da sababbin kusa da tsofaffin na ɗaure su tare, na toshe bakinsu da leda saboda ƙura. In ɗaya ta tsinke, sai dai in cire kai in maƙala kai.

Mai kuma sai da na auna, ban yarda da abin da mai shago ya faɗa ba. Na cika tanki har wuya, na rubuta mita, na yi tafiya, na dawo famfo ɗaya na sake cikawa. Ni kaɗai ba kaya ya ba ni kusan kilomita 48 a lita, da kaya ya sauko 42. Tankin lita 11 ne, ke nan ina da kilomita 460 da 'yan kai, amma na yi wa kaina alkawarin duk inda na ga gidan mai bayan na ci 200 zan tsaya. Tun da aka cire tallafi a 2023 ba kowane gidan mai na ƙauye ke da mai kullum ba, wani wurin dole sai 'yan bumburutu. Saboda su na sa ƙaramar matata a tiyon da ke tsakanin tanki da kafireto, irin mai haske da kake ganin dattin da ta tare, na kuma koyi inda ɗan sukurun ƙasan kafireto yake, wanda in ka sassauta shi ruwan da ya kwanta a ciki yake zubewa. Matatar iska ta soso ce, ana wanke ta da kananzir a matse a ɗiga mata baƙin mai kaɗan. Da yake hunturu zan yi tafiyar, na san sai na wanke ta a hanya ko sau ɗaya.

Kariyar da ya zo da ita ta ɗaukar buhu ce, ba ta rataya jaka ba. Na sayo ƙarfe a Ƙofar Ruwa, wani mai walda ya lanƙwasa mini 'yan firam biyu na gefe. Na ce a ƙasa zai yi waldar, mu ɗaura da noti, ba a jikin babur ba, don wutar walda tana iya kashe kayan lantarkinsa, kuma abin da aka ɗaura da noti ana iya cirewa. Cajar waya na sa mata fis nata, aka haɗa ta ta bayan makulli don kada ta shanye batir cikin dare.

Saura kwana goma na yi gwaji da cikakken kaya zuwa Birnin Kudu da dawowa, kuma Allah ya sa na yi. Na tula komai a kan kariya ta baya, har da jarkar mai, saboda a nan ya fi sauƙin ɗaurewa. Ina wuce 70 sai kan babur ya fara rawa, gaba ta yi sakayau kamar ba ta taɓa ƙasa. A Kwanar Huguma na tsaya shan ruwa na ji ƙaurin roba: jakar dama ta sauko ta kwanta a kan salansa, ta ƙone, rigar ruwan da ke ciki ta narke ta manne da buta. A dawowa magariba ta kama ni, na kunna fitila na ga tana haska rassan bishiya maimakon titi, don nauyin baya ya ɗaga gaba.

Washegari na sauke komai na sake lissafi. Masu nauyi, wato kayan aiki da mai da ruwa, suka koma ƙasa a jakunkunan gefe, nauyin hagu daidai da na dama. Tufafi da bargo suka hau kujerar baya dab da bayana, har suka zame mini majingina. Kariya ba ta ɗauki komai ba sai tabarma. Na ƙara wa shokozoban baya tauri da mataki biyu, na sunkuyar da fitila, na sa wa salansa garkuwar ƙarfe, iskar taya na bar ta 25 a gaba 32 a baya, a auna da safe kafin taya ta yi zafi. Kashi ɗaya cikin uku na tufafin ya koma durowa. Na sake fita har Wudil, babur ya tafi sumul.

Takardu ban yi wasa da su ba, don wanda ya bi hanyar nan ya san shingaye sun fi gidajen mai yawa. Rasit, takardar kwastan, rajista da lamba, inshora, lasisin tuƙi na rukunin A. Na tsuguna na karanta lambar inji da ta firam harafi-harafi na gwada da abin da aka rubuta, don kuskuren harafi ɗaya ya isa ya zaunar da kai a bakin hanya rabin yini. Na yi kwafi biyu na kowacce, na asalin a leda a ƙirjina. Na kuma kira mutane a Gombe da Jalingo na tambayi dokar babur a garuruwansu, domin mu nan Kano tun 2013 muka san yadda doka kan sauka a kan babur dare ɗaya. Tafiyar dare kuwa na soke ta tun a gida: in tashi bayan asuba, la'asar ta same ni a masauki.

Hular kwano na sayi mai rufe haɓa. Jaket mai kauri da safar hannu da takalmi sau-ciki a gwanjon Ƙofar Wambai na samo su. Da na je yi wa Hajiya sallama da su a jikina ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗan nan, motocin duniya sun ƙare ne?" Na ce ba su ƙare ba Hajiya. Ta yi shiru, ta yi addu'a mai tsawo, ta sa aka ƙullo mini dabino da ƙuli-ƙuli. Baba shi ba dogon zance ya yi ba. Ya zagaya babur ɗin sau ɗaya, ya taɓa kaca, ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni na fafe nawa, saura abu ɗaya. In na zo gangaren dutse, kada in kuskura in kashe inji ko in sa firi don tsimin mai. Birkin irin wannan babur in ya yi zafi sakewa yake, ka taka ka ji kamar ka taka fanke. Giyar da na hau da ita, da ita zan sauko, inji ya riƙe ni, birki ya zama ɗan taimako.

Kwana huɗu na yi a hanya. Kowace safiya kafin in sha shayi sai na zagaya jan farcena, na auna iska, na duba mai, na ɗiga wa kaca mai. A Gombe layi ɗaya ya rabu, na notin salansa, na ɗaure. A Jalingo na wanke soson iska, kananzir ɗin ya fito ja wur. Faci ɗaya na yi, bayan Bali da 'yar tafiya, guntun waya ce ta shiga tayar baya. Na tura babur inuwa na shimfiɗa tsumma. Wasu yara biyu masu kiwo suka zo suka tsuguna suna kallo ba su ce uffan ba, sai da na zo hura iska babban ya miƙo hannu ya karɓi famfon. Minti hamsin, ban tsunkule ba.

Daga Mayo Selbe hanya ta miƙe sama tana naɗewa kamar rawani. Giya ta biyu, wani wurin ta ɗaya, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan. Sau biyu na tsaya na bar inji ya sha iska. Can sama na ji babur ya yi nauyi, ina ba shi wuta yana amsawa da kasala. Tudun nan ya kai mita 1,600, iskarsa ba ta da kauri irin ta ƙasa, kafireto kuwa man da ya saba bayarwa yake bayarwa, sai mai ya rinjayi iska. A Maisamari na tsaya gaban mai shayi, hannuna na karkarwa don sanyi, na kwance fulogi na ga bakinsa ya yi baƙi da ƙunci. Na goge shi, na kira Baba na ce ko in taɓa sukurun kafireto.

"Kwana nawa za ka yi a can?"

"Shida, Baba."

"To bar shi. In ka sauko zai dawo hayyacinsa. Ka ci abinci kuwa?"

Na ce yanzu dai aka ɗora mini ƙwai. Na mayar da fulogin, na naɗe sifana a tsumma, mai shayin ya nuna mini da cokali inda hanyar Nguroje ta ɓace cikin hazo.